Kundin aiki: shirya siton hatsi a Gombe kafin ruwan Agusta

Wurin da ake magana siton hatsi ne a gangaren garin Gombe, mai tsawon mita 10 da faɗin mita 6. Ginin bulo ne da rufin kwano, yana da ƙofar gaba da ke kallon titi da wata ƙarama a baya. Masara, wake da gero ake ajiyewa, sai ɗan takin zamani idan damina ta kama. Bara ruwa ya shiga sau biyu, duka da dare. Abin da ke ƙasa shi ne yadda aikin ya tafi, da awonsa da kurakuransa.

8 ga Afrilu

Yau babu siminti, babu bulo, awo kawai aka yi. Mutane da yawa suna fara ɗaga dokin ƙofa tun ba su san ta inda ruwan ke shigowa ba, kuma a nan kuɗi ke zubewa a banza.

Tabon ruwan bara yana nan a bango, layin laka ja-ja, santimita 38 daga daɓe. Da tiyon ruwa irin na magina aka auna tudu da kwarin wurin: tiyo mai gani-har-hanji mita 15, a cika shi da ruwa, a fitar da iska tas, mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a dokin ƙofar gaba, ɗayan ya zaga da nasa. Ƙofar baya ta fi ta gaba ƙasa da santimita 14. Kusurwar daɓen ta baya, wadda ake jibge wake a cikinta, ta yi ƙasa da santimita 9. Wato duk hankalin da aka sa kan ƙofar titi bara, ruwan ta baya ya fara shigowa, ya kwanta a ƙarƙashin kayan da suka fi tsada.

An tsayar da tsawon da za a kare a kan santimita 60: tabon bara, da ƙarin fiye da 20 saboda daminar da za ta fi ta bara.

11 ga Afrilu

Ya kamata a fahimci irin ruwan da ake shirya wa. Ƙauyukan bakin kogin Gongola, ƙasa da madatsar Dadin Kowa, ruwansu yana hawa ne a hankali, sau da yawa da sanarwa, mutum ya samu ya kwashe abin da zai iya. Na cikin garin Gombe ba haka yake ba. Garin a kwari yake, tudun Akko na yamma da shi, ƙasar kuma yashi ce mai saurin zaizayewa. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi a sama, cikin mintuna yake gangarowa ta kwazazzabai da lambatu, ɗauke da yashi, leda da robobi. Tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1996, rufin kwano da kwalta da daɓen siminti sun cinye filayen da suke shanye ruwa a da. Waɗanda suka ga ambaliyar watan Agusta na 2004 ba sa bukatar a yi musu bayani.

Saboda haka duk wani shiri da ya dogara da cewa za a zo a ɗaga buhuna idan ruwa ya fara, mun soke shi. Buhu mai kilo 100 guda ɗari, ƙarfe biyun dare, babu wuta, titi ya zama rafi: babu mai zuwa. Kariyar dole ta zama tana nan a tsaye kafin a kulle sito da yamma.

19 ga Afrilu

Yasar lambatu. Zurfinsa santimita 60, faɗinsa 50, amma yashi ya cike 45 daga ciki. An yashe mita 18, daga gaban sito zuwa bakin kwalbati, aka fitar da baro 65. Mutum huɗu, kwana biyu, da shebur da diga.

Abin da aka yaso ba a bar shi a bakin lambatu ba, domin ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito. An kwashe sharar da a-kori-kura, yashin mai kyau aka tara gefe don cika buhuna. Bakin kwalbatin kuma tsohuwar taya ce da tarin leda suka toshe rabinsa. Yasar gaban shago kaɗai ba ta da amfani idan kwalbati a toshe yake, don ruwan zai taru ne ya dawo baya. An yi magana da masu shaguna shida na layin, huɗu sun ba da gudummawa.

27 ga Afrilu

Rufi. Girmansa tare da baki mita 12 sau 7, wato murabba'in mita 84. Kowace milimita ɗaya ta ruwan sama tana zubar da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Ruwan milimita 50, wanda ba baƙo ba ne a Agusta, zai sauke lita 4,200 daga wannan rufin kaɗai, durom 21 ke nan. Rabin wannan yana zuba ne a lungun baya, daidai gindin ƙofar da ta fi ƙasa.

An sa indararon kwano a bakin rufin baya, da bututun roba mai inci 4 guda biyu, aka zagaya da su gefen gini zuwa lambatu. Gangaren bututu santimita 1 a kowace mita. An canja kusoshi kusan 40 da robarsu ta ƙone da rana, an maye kwano biyu da suka yi tsatsa. Ɗigon rufi ba ambaliya ba ne, amma masarar da ta sha ɗigo na mako biyu da wadda ruwa ya taɓa ƙarshensu ɗaya ne.

6 ga Mayu

An toshe ƙasan ƙofar baya da bulo mai inci 9, jeri uku, kimanin santimita 70, aka cika ramukan bulon da kankare, mai walda ya yanke ƙyauren ya ɗaga shi. Yanzu tsallakawa ake yi a fita, an sa matakala ɗaya a kowane gefe. Ba a toshe ta gaba ɗaya ba saboda gobara, sito mai ƙofa ɗaya tarko ne.

Bangon waje an yi masa sabon shafe daga tushe zuwa santimita 90, siminti ɗaya yashi uku, da garin hana ruwa shiga yadda aka rubuta a jikin ledarsa. Kafin shafen an faffaɗa tsagu huɗu da kurfi, aka wanke, aka cike. Shafa siminti a kan tsaga ba tare da buɗe ta ba kwalliya ce kawai, damina ɗaya za ta ɓare. Za a riƙa yayyafa wa shafen ruwa safe da yamma har kwana bakwai. A zafin Mayu na Gombe, shafen da ba a ba shi ruwa ba yana tsattsagewa kafin ya yi ƙarfi.

14 ga Mayu

Dandamalin ɗora buhuna, wanda shi ne zuciyar aikin. Ko duk sauran kariyar ta gaza, muddin hatsi yana sama da ruwa, jari bai tafi ba.

Guda biyu ne, kowanne mita 5 sau 2. An bar rabin mita tsakaninsu da bango, da hanyar mita 1 a tsakiya. Bulo jeri biyu ya ba da santimita 47, katako mai inci 2 sau 4 a tsaye kan gefensa ya ƙara 10, falankin sama ya ƙara biyu da rabi. Jimla kusan 60. Tsakanin katako da katako santimita 40, guda 13 a kowane dandamali.

An yi kuskure a na farko. Layin bulo biyu aka gina, ɗaya a kowane gefe, katakon ya tsallake mita 2 babu abin da ya tokare shi a tsakiya. Da aka ɗora hawa huɗu na gwaji, tsakiyar ta lotsa har ana iya gani da ido, katako ɗaya mai gaɓa ya yi ƙara. Lissafin a fili yake: hawa ɗaya buhu 16, hawa shida buhu 96, kusan tan 10 a kan murabba'in mita 10. Idan aka ninka tazarar da katako ke tsallakewa, wahalar da yake sha tana ninkuwa sau huɗu. An sauke kayan, an ƙara layin bulo na uku a tsakiya. Bulo 66 kowane dandamali ya ci, 132 duka biyun. An bar 'yan ƙofofi tsakanin bulon ƙasa don iska ta ratsa, ruwa ma ya samu hanyar fita idan ya shiga.

Wani ya kawo shawarar a shafa wa katakon baƙin mai saboda gara. An ƙi. Hatsi yana ɗaukar wari, kuma abinci ne mutane za su ci.

22 ga Mayu

Dokin ƙofar gaba. Faɗin ƙofar mita 1.5. An zuba kankare mai tsawon santimita 20, da gangare mita 1.2 ciki da waje don baro da masu dako. Haɗin 1:2:4, wato siminti kashi ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu: siminti buhu 3 (kwanon sarki 6), yashi kwanon sarki 12, tsakuwa 24. An sassare tsohon daɓen kafin zubawa don sabon ya kama, in ba haka ba ruwa zai bi ta tsakaninsu.

Ba a kai dokin 60 ba don babu ɗan dakon da zai yarda ya riƙa hawa wannan da buhu a ka sau hamsin a rana. Sauran santimita 40 allon da ake cirewa ne zai rufe.

31 ga Mayu

Allon ƙofa ya iso daga wurin mai walda: farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3, tsawo santimita 45, da ƙarfen angul zagaye da shi da guda biyu a tsakiya, da hannu biyu na ɗauka. A gefen ƙofar an kafa ƙarfe mai kwari wanda allon ke zurawa ciki, aka liƙe bayansa da siminti. An yanka tsohon tiyub ɗin mota aka manna a ƙasa da gefuna, noti huɗu ke matse allon a jikin robar.

An tambaya me ya sa ba za a yi shi mita ɗaya ko fiye ba, a huta. Dalilin nauyin ruwa ne. Ruwa mai zurfin santimita 60 yana tura kowace mita ta bango da kusan kilo 180. A 90 ya zama 405. A mita 1.2 ya kai 720, kuma wannan ruwan da ke tsaye ne, ban da mai gudu da ke dukan bango da itace da duwatsu. Bulon da ake bugawa a kasuwa, wanda sau da yawa an ja buhun siminti ɗaya ya fitar da fiye da ƙima, ba a yi shi don wannan ba. Idan ruwa ya wuce 60, gara ya tsallako ya cika ciki nauyin ya daidaita, da a ce bango ya faɗo kan kaya ko kan mutum.

4 ga Yuni

Gwaji. An jera buhunan yashi a gaban ƙofa kamar ƙaramin tafki, aka shimfiɗa leda, aka sayi kura uku ta ruwa aka zuba har santimita 30 a jikin allon. Cikin minti biyar ruwa ya fara tsartuwa ta kusurwoyin ƙasa biyu, inda robar ƙasa da ta gefe suka haɗu. An yanka su ne daban-daban. An sake yanka roba guda ɗaya doguwa da ta zagaye kusurwar ba tare da gaɓa ba. A gwaji na biyu, abin da ya shiga cikin rabin awa bai cika kofin shayi ba.

Buhunan yashi 40 aka cika, tsofaffin buhunan siminti. Rabi zuwa kashi biyu cikin uku ake cikawa, a naɗe bakin a ƙasa, a jera kamar ginin bulo kowane ya hau gaɓar na ƙasa, a tattake. Wanda aka cika tim ya zama kamar kabewa, ba ya kwanciya, ruwa na bi ta tsakani. An rufe su da tamfol, don rana tana cinye irin wannan buhu cikin 'yan makonni.

12 ga Yuni

Wuta. Soket biyar da ke ƙasa an mayar da su mita 1.2 daga daɓe, wayar ta sauko daga sama maimakon ta bi ƙasa. Makunnin da ke raba wutar layi da ta janareta an kai shi kusa da ƙofar gaba, inda hannu zai kai ba sai an taka cikin sito ba. Batirin sola da inbata sun koma kan kanta a bango. Janareta ya samu nasa dandamalin a waje, santimita 70, da keji da rumfa. Kada ruwan sama ya sa a shigo da shi ciki a tayar: gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari mai gargaɗi, tana kashe mutum a rufaffen ɗaki.

Doka ga duk ma'aikata: in an tarar da ruwa a ciki, ba a sa ƙafa sai an kashe makunni, da busasshen hannu, a tsaye a busasshen wuri.

20 ga Yuni

Jeren kaya. Wake a buhunan PICS, masu leda a ciki don adana hatsi, ya koma hawan sama. Ledojin ciki biyu na buhun suna hana iska da ƙwari, amma ba a yi su don nutsewa a ruwa ba, kuma ɗaurin baki ko hudar da ɓera ya yi ta isa ta ɓata buhu. Taki da maganin feshi an fitar da su daga siton gaba ɗaya zuwa wani ɗaki. Yuriya tana jan danshi ta narke, maganin feshi kuwa idan ya haɗu da ruwa ya taɓa hatsi, babu wankin da zai gyara.

An rage yawan ajiya daga yanzu zuwa ƙarshen Satumba zuwa abin da dandamali biyu za su ɗauka. Wannan ya jawo musu, don lokacin ne hatsi ke tsada kuma kowa na son ya riƙe kaya. Matsayar ita ce buhun da bai samu wuri a sama ba ba zai kwana a ƙasa ba, ko na dare ɗaya.

Littafin bashi, rasit, takardar haya da ta rajista: an ɗauki hoton kowane shafi da waya an tura wa mutum biyu, ainihin takardun suna cikin bokitin roba mai murfi a kan kanta. Littafin bashin kowace Juma'a za a sake ɗaukarsa. Ɗan kasuwar da biro ya wanke a littafinsa ya yi asara biyu, kaya da abin da yake bin mutane. Hotunan gidaje da kasuwannin Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024 sun isa hujja.

An kuma nemi bayanin inshora, har da ta takaful, wato inshora irin ta tsarin Musulunci. Abin dubawa kafin a biya: a ga kalmar ambaliya a rubuce cikin abin da aka rufe, don takardar gobara zalla ba lallai ta haɗa da ita ba, a kuma tambayi ko akwai sharaɗin tsawon da kaya za su kasance daga ƙasa.

3 ga Yuli

An sayi injin ban-ruwa mai inci 2, irin na 'yan fadama, da tiyon fitarwa mita 20. A kusurwar baya mai kwari an fasa daɓe an gina ɗan rami santimita 40 ta kowane gefe, an shafe shi, don ruwan da ya shiga ya taru wuri ɗaya bakin tiyo ya samu abin ja. Injin a waje yake zama, tiyon ne ke shiga. Sai an cika cikinsa da ruwa kafin a tayar, in ba haka ba zai yi ta kuka ba ya ja, robar cikinsa ta ƙone. Rariyar bakin tiyo kada a cire ta, ƙwayar masara da tsakuwa na shaƙe shi.

Sa allo ya zama cikin aikin rufe sito kowace yamma, ko sama tas take. Minti huɗu yake ci. Maigadi yana da sifana, fitila, da lambobin mutum uku, da 112, lambar kiran gaggawa. An gaya masa a fili: idan ruwan titi ya kai ƙauri yana gudu, ya hau tudu ya bar sito. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babba, kuma a cikin ruwan laka ba a ganin inda bakin lambatu yake.

An kafa gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili da ruwula don auna ruwan sama, ana kuma bin hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, a rediyo.

24 ga Yuli

An sake duba lambatu bayan ruwa huɗu masu ƙarfi. Yashi ya dawo santimita 20. An fitar da baro 28. Daga yanzu duba shi duk bayan ruwa ne, ba sau ɗaya a shekara ba.

17 ga Agusta

Jiya da dare aka yi gwajin gaske. Gwangwani ya nuna milimita 46, maigadi ya ce bai fi awa ɗaya ba. Lambatu ya cika ya tumbatsa. Tabon laka a waje ya kai santimita 31 daga tsohon daɓe, wato ya haye doki da 11 ya tsaya a jikin allo. Allon ya riƙe, ƙofar baya ma haka.

Duk da haka an tarar da ruwa a ciki, kimanin santimita 4 a kusurwar baya, ramin ya cika. Da aka bi sawun laka da fitila, sai ga siririn layi yana fitowa daga bayan dandamali na biyu. Tsohon bututun wayar lantarki ne mai inci ɗaya da ya ratsa bango dab da ƙasa. Lokacin da aka mayar da waya sama an zare ta, ba a toshe ramin ba, shafen waje kuma ya ɗan rufe bakinsa da ɓawon siminti wanda ruwa ya fasa. Laifin namu ne, bai shiga lissafin 8 ga Afrilu ba. An fasa, an ciro bututun, an cike da kankare ciki da waje. An zaga ginin gaba ɗaya a tsugune ana neman irinsa, aka samu ramin ɓera ɗaya a gefen arewa.

Inji ya kwashe ruwan cikin minti goma. Babu buhun da ya jiƙe.

18 ga Agusta

Wanke daɓe. An kwashe laka tun tana ɗanya, aka wanke da omo, sannan ruwan bilic kofi ɗaya a bokitin lita 20, ba a haɗa shi da komai ba, ƙofofi a buɗe. Ruwan ambaliya ya bi ta shadda da bola kafin ya iso, ba ruwan sama ba ne kuma. Masu aikin sun sa takalmin roba da safar hannu. Ƙarƙashin dandamali da sanda da fitila ake fara dubawa kafin a sa hannu, domin maciji da kunama ma tudu suke nema, kuma mutanen jihar da ke da asibitin saran maciji a Kaltungo sun san kububuwa.

Danshin da ya rage a iska shi ne abin tsoro yanzu. Masara tana zama lafiya ne idan danshinta bai wuce kusan kashi 13 cikin ɗari ba. Sama da haka fumfuna ke kamawa, wani irinsa kuma yana haifar da gubar afulatoksin wadda dahuwa ba ta kashewa. An buɗe buhu shida na hawan ƙasa, an zura hannu har tsakiya ana neman ɗumi ko warin rima, an ciji ƙwaya a ji ko tana fashewa ƙas. Duka lafiya. Za a sake dubawa bayan kwana uku.

9 ga Satumba

Robar allo ta fara tsagewa a wurin noti na hagu, an canja ta. Buhunan yashi 7 sun fashe duk da tamfol, an sake musu buhu. Notin sun fara tsatsa, an shafa musu giris.

Abin da ya rage: gangaren cikin ƙofa yana santsi idan ƙafar 'yan dako ta jiƙe, za a sassare shi da layuka idan aka samu kwana biyu babu hadari. Bakin kwalbati yana bukatar ragar rodi mai tazarar santimita 10 da za ta tare taya da itace, amma raga tana toshewa da leda fiye da bakin da babu komai, don haka ba za a sa ta ba sai masu shagunan layin sun amince da wanda zai riƙa share ta bayan kowane ruwa. An sa zama ranar 14 ga wata bayan la'asar.